Kurakuran da aka fi yi wajen gano sankarar tantanin ciki mai alaƙa da asbestos

Sankarar da likitoci ke kira mesoteliyoma, wadda shaƙar ƙurar asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a kayan gini) kan jawo, ta fi kama tantanin huhu. Wadda ke kama tantanin da ya lulluɓe hanji da bangon ciki ba ta da yawa. Shi ya sa sau da yawa ake makara kafin a gano ta.

Kuskuren farko yana cikin tambaya. Likita kan tambayi mara lafiya aikin da yake yi yanzu, alhali cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Sai a koma baya: ya taɓa aikin gini, gyaran jirgin ruwa, yankan kwanon rufi na asbestos ko gyaran birki? Matar da ta riƙa kakkaɓe kayan aikin mijinta tana wankewa ita ma ta shaƙi ƙurar. Amma ko an rasa wannan tarihi, kada a cire cutar daga lissafi, don wasu masu ita ba su san sun haɗu da asbestos ba.

Ciki ya kumbura da ruwa, mutum yana ramewa, loma kaɗan ya ƙoshi. Nan take hankali ke tafiya kan ciwon hanta, ko tibi na ciki, ko sankarar ƙwan mace. Gwajin jini na CA-125 kan hau a duka waɗannan, saboda haka bai raba gardama ba. In an yi watanni ana shan maganin tibi ruwan yana dawowa, a sake lale.

Kuskuren da ya fi tsada, a ganina, shi ne dogaro da ruwan da aka zuƙo da allura. Sakamako ya fito "ba a ga komai ba", kowa ya saki jiki. Ruwan yakan ɓoye cutar, hoton CT kuma nuni kawai yake yi. Abin da ke tabbatarwa shi ne a zura 'yar kamara cikin ciki a yanko ɗan nama, a yi masa rini na musamman kamar calretinin da WT1, a duba ko furotin da ake kira BAP1 ya ɓace daga ƙwayoyin naman. Likitocin tiyata kan huda ta tsakiyar ciki, don cutar kan bi sawun huda, kuma wurin ya fi sauƙin yankewa daga baya.

A kuma nemi takardar sakamako ta faɗi nau'in. Nau'in epithelioid ya fi amsa tiyatar kwashe ƙari da wanke ciki da maganin sankara mai ɗumi, wato HIPEC, fiye da nau'in sarcomatoid.