Yadda Ake Kafa Allon Tunawa da Tsohon Sojan Yaƙin Bama

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1944, yau ya doshi shekara ɗari, don haka kafin komai a nemi yardarsa da ta iyalinsa, a kuma naɗi labarin daga bakinsa tun yana iya bayarwa.

Aiki mafi nauyi shi ne tabbatar da abin da za a rubuta. A duba takardar sallamarsa, a ɗauki lambarsa ta soja da bataliyarsa, domin lamba ta fi suna amfani wajen bincike: akawun Turawa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, kuma da yawa an ɗauke su da sunan gari, kamar Musa Kano ko Garba Katsina. Sai a gwada bayaninsa da tarihin rundunarsa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta fafata da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944, sannan ita da ta 82 suka kama garin Myohaung a Janairun 1945. A kula da lambobin yabo, domin nan ake yawan kuskure. Burma Star shaida ce kawai cewa mutum ya yi aiki a fagen Bama, amma Military Medal ta jarumta ce, ana buga sunan wanda ya same ta a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Ingila, kuma sau da yawa ana samun takardar da kwamandansa ya bayyana abin da ya yi a ma'adanar tarihi ta Ingila da ke Kew. Abin da takarda ba ta tabbatar ba, a ganina gara a rubuta cewa shi ya ba da labarinsa.

Daga nan a sanar da mai unguwa da hakimi, a nemi izinin ƙaramar hukuma a rubuce, a kuma jawo reshen jiha na Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji. Ƙofar gidansa ko bangon makaranta ya fi dacewa, kuma rubutu zalla ya wadatar, tunda mutum-mutumi ba zai karɓu ba a yawancin garuruwanmu.

A sassaƙa rubutun a dutse, domin fenti yana koɗewa da rana, tagulla kuma 'yan jari-bola na iya ɓalle ta. A sa suna da lamba da runduna da wuri da shekara da aikin da ya yi, da boko da ajami. Ranar 15 ga Janairu, wadda Nijeriya ke tunawa da mazan jiya, ta dace da bikin buɗewa, amma idan jikin tsohon ya yi rauni kada a jira ta.