Yadda Ake Samun Gidan Abinci Nagari Kusa da Inda Aka Ɗaure Jirgi a Gaɓar Tekun Ghana

Gaɓar tekun Ghana tana da tsawon kimanin kilomita 550, daga Aflao a gabas har zuwa iyakar Kwaddibuwa a yamma, kuma mutanenmu na Akara da Tema da Ashaiman suna bin ta a cikin ruwa fiye da yadda ake zato. Wasu fataken kifi ne da ke raka kwale-kwalen da suka zuba wa jari, wasu matasa ne da suka sami aiki a jiragen kamun kifi, wasu kuma hayar ƙaramin jirgi suke yi a Ada Foah domin hutun ƙarshen mako. Dukansu buƙatarsu ɗaya ce idan aka sauka a garin da ba su sani ba, wato wurin da za a ci abinci mai zafi da tsabta, a yi salla, a huta, sannan a koma jirgi lafiya. Irin wannan wuri ba a cika samunsa ta hanyar bin hasken fitila ko ƙarar kiɗa ba. Ta bakin mutane ake samunsa, kuma ya fi kyau a fara nemansa tun kafin a bar gida.

Kafin maganar ciki, sai an gama da maganar jirgi. Wannan gaɓa ba ta da mafaka da yawa, domin igiyar ruwan Atilantika tana bugun rairayi kai tsaye a mafi yawan wurare. Shi ya sa kafin a buɗe tashar Tema a 1962, manyan jirage kan jefa anga can nesa da Akara, a riƙa jidar kaya da mutane da kwale-kwale zuwa tudu. Wuraren da jirgi ke samun kwanciyar ruwa sun haɗa da Tema, da Takoradi wadda aka buɗe tun 1928, da tashar masunta ta Sekondi, da bakin tafkin Benya a Elmina, da sabuwar tashar masunta ta Jamestown da aka buɗe a 2024, sai kuma cikin kogin Volta a Ada Foah, ko da yake mashigarsa tana da tulin yashi mai sauya wuri, kuma bai kamata baƙo ya shige ta ba tare da ɗan gari ba. Tema da Takoradi tashoshin kasuwanci ne a ƙarƙashin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, saboda haka shiga da fita sai da izini, kuma mai son ya fita cin abinci ya riƙe katin shaidarsa, ya kuma tambayi ƙa'idar ƙofar da zai bi ya dawo. A yawancin sauran garuruwa, sauka tana nufin ratsa igiyar ruwa a ƙaramin kwale-kwale, kuma abin da aka ratsa cikin sauƙi da azahar yakan zama wani abu dabam bayan magariba. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma ba ya jinkiri. Saboda haka kusancin gidan abinci ana auna shi ne da hanyar dawowa: wurin da ke tafiyar minti ashirin a kan titi mai fitila ya fi wanda ke bayan duwatsu ko da ana hango shi daga jirgi. A bar mutum ɗaya a cikin jirgi, a kawo masa nasa a kwano.

Da an taka tudu, mutumin farko da za a nema shi ne sarkin masunta. Kowane wurin saukar kwale-kwale yana da nasa. Fante suna kiransa Apofohene, mutanen Ga kuma Woleiatse. Shi ne zai nuna inda za a ɗaure jirgi ba tare da an tare wa wani hanya ba, kuma gaishe shi yadda ya kamata, da kiransa Nana a ƙasar Fante ko Nii a ƙasar Ga, yana sa a san cewa jirgin yana da mai shi kuma ido yana kansa. Amma game da abinci, matan da ke sayen kifi a bakin ruwa sun fi shi sani, domin su ne suke sayar wa masu dafawa, kuma sun san wadda take ɗaukar kamun safiya da wadda take jiran ragowar yamma mai araha. Yadda aka yi tambayar yana da muhimmanci. Idan aka ce a nuna wuri mai kyau, za a tura baƙo inda ake kai masu yawon buɗe ido. Abin da ya fi shi ne a ce, "Anti, ke a ina kike cin naki?" Samarin da ke tarar baƙo tun kafin ƙafarsa ta bushe suna da amfani wajen jan jirgi da ɗaukar kaya, kuma a sallame su da abin hannu, amma shawararsu kan abinci sau da yawa tana bin inda ake ba su kamasho.

Sai kuma karanta allo. A Ghana, wurin da aka rubuta wa "Spot" mashaya ce, kuma abin sayarwarta na farko giya ne, ta kwalba da ta gargajiya mai ƙarfi da ake kira akpeteshie, ko da akwai mai gasa nama a ƙofa. Wurin da aka rubuta wa "Chop Bar" gidan abinci ne, na fufu da banku da miya, duk da cewa wasunsu suna da firjin giya a gefe. Otal-otal na bakin rairayi kuwa sukan haɗa duka biyun a zaure ɗaya. Baƙi masu jiragen shaƙatawa daga Turai mashayar suke nema, kuma mafi kusa da ruwa galibi ita ce aka yi dominsu, da farashinsu. Ga matafiyi Musulmi, ra'ayina shi ne kada ya zauna a mashaya don kawai ita ce ke da kujera da inuwa, tunda kusan kowane garin masunta yana da mai dokunu da soyayyen kifi wadda ba ta sayar da komai sai abinci. Idan tafiyar ta haɗa da abokan aiki waɗanda ba Musulmi ba, a daidaita tun a cikin jirgi inda kowa zai je da lokacin da za a haɗu, domin jayayya a kan wannan a bakin titi ba ta da daɗi.

A gidan abinci ma, akwai tambayoyin da ba a jin kunyar yi. Masu dafa abinci na bakin teku sukan sa ƙafar alade mai gishiri a miya domin ɗanɗano, kuma ba lallai a gan ta a saman tukunya ba. A unguwannin Ga kamar Osu da Jamestown ana sayar da gasasshen naman alade da ake kira domedo, sau da yawa kusa da masu dokunu. A wasu wuraren kuma akwai naman daji, musamman gyazbi, wanda ba a san yadda aka kashe shi ba, ga kuma kajin firji da ake shigowa da su daga waje. Tambayar ba ta tsaya ga naman da za a sa a kwano ba. A tambaya me aka dafa a cikin miyar tun farko, a kuma duba ko ludayi ɗaya ne yake yawo tsakanin tukwane, ko mai ɗaya ake soya komai da shi. Mafi yawan matan nan sun saba da masu saye Musulmi, kuma za su faɗi gaskiya idan aka tambaye su da ladabi. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya ga kifi: dokunu da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono da albasa, ko banku da gasasshiyar karfasa. Shito ma, wato soyayyen yajin barkono, galibi da busasshen kifi da jatan lande ake yin sa.

Hanyar da na fi amincewa da ita, duk da haka, ita ce ta zango. Da wuya a sami babban gari a wannan gaɓa da ba shi da zango da masallaci. Wanda ya sauka a Tema yana da Ashaiman a kusa, wanda ya sauka a Jamestown ko Chorkor ba shi da nisa da Sabon Zango, a Cape Coast a nufi wajen kasuwar Kotokuraba, Sekondi kuma tana da tsohon zangonta. Tun daga Nima ko Maamobi, a tambayi mahauta da direbobin manyan motoci da fataken kifi wa suka sani a garin da za a je, a karɓi lambar waya, a kira kafin a tashi. Idan ba a yi haka ba, a je masallaci lokacin azahar ko la'asar, bayan an idar a gaisa da liman ko ladan, a ce baƙi ne daga ruwa. A nan za a ji wace Hajiya ce take tuwon zafi da miyar ayoyo, wa yake waakye da safe, kuma mai tsiren wane lungu ne yake yanka da kansa. Wannan hanya tana warware abubuwa da yawa a lokaci guda, domin an sami ruwan alwala mai daɗi bayan kwana da ruwan gishiri, an sami wurin cajin waya, kuma an sami wanda zai san inda baƙo yake idan wani abu ya faru. Illarta ɗaya ce: zango yakan kasance cikin gari, kusa da kasuwa ko tashar mota, saboda haka a yi lissafin tasi da lokacin dawowa.

Tsabta kuwa ido ne yake tantance ta. A tsaya ɗan nesa a kalli wurin na ɗan lokaci kafin a zauna. Inda masunta da direbobi suke layi, abinci ba ya kwana. A dubi kifin kafin ya shiga mai: idonsa ya zama garau a cike, cikin kuncinsa ja, namansa kuma idan aka danna da yatsa ya dawo, kada ya bar rami. A dubi man suya ko ya yi baƙi har yana kumfa, a dubi robar wanke kwanuka ko ana sauya ruwanta, a ga ko akwai bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa. Dokunu mai kyau daga tukunya ake ciro shi yana tururi, har mai sayarwa tana sauya shi daga hannu zuwa hannu kafin ta ɓare ganyen. Manyan wurare sukan rataye takardar izinin tsabta ta hukumar abinci da magunguna, masu tebur kuma ana buƙatar su riƙe takardar gwajin lafiya daga ƙaramar hukumarsu, amma takarda ba ta hana a duba tukunya. Wannan ba tsanantawa ba ce. Annobar kwalara da ta ɓarke a watan Oktoba na 2024 daga yankin Ada ta fara, sannan ta bazu zuwa wasu garuruwan gaɓa, kuma ciwon ciki a cikin kwale-kwale, nesa da asibiti, ya fi na gida haɗari nesa ba kusa ba. A sha ruwan leda ko na gora wanda ba a buɗe ba, a guji ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba da ganyen da ba a dafa ba. Kifin da aka tsinta a mace a rairayi kuwa ba abin saye ba ne komai arhansa. A watan Afrilu na 2021, da matattun kifaye suka fito a bakin ruwan Osu, dabbobin dolfin kuma a Axim, sai da hukuma ta gargaɗi jama'a kada su ci.

Rana da wata ma suna sauya abin da za a tarar. A yawancin garuruwan Ga da Fante ba a fita kamun kifi ranar Talata, don haka wanda ya sauka ranar ya nemi bandar kifi maimakon ya dage sai ɗanye. Bandar wannan gaɓa ba ta da na biyu, kuma murhun da ake kira na Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a 1969 tare da matan unguwar, har yanzu shi ne a bayan gidaje da yawa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan teku yana sanyi, ƙananan kifaye suna yawa, farashi yana sauka, amma a lokacin ne teku ta fi tashi, kuma gwamnati takan sanar da rufe kamun kifi na wani lokaci a tsakiyar shekara, saboda haka a bincika sanarwar shekarar kafin a tsara tafiya. Ranakun bukukuwa, kamar Aboakyer na Winneba a farkon Mayu, da Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli, da Asafotufiam na Ada a farkon Agusta, gari yana cika, mashayu suna fitowa da kujeru har kan titi, kuma samun wurin zama mai natsuwa yana wuya. Mai son kallo ya je, amma mai son ya ci ya kwanta da wuri ya kauce wa waɗannan ranaku.

Garuruwan ma ba ɗaya suke ba. A Ada Foah wuraren cin abinci da yawa a bakin kogi suke, har ana iya ɗaure jirgi a gabansu, amma na masu hutu ne kuma kusan duka suna sayar da giya. Karfasa da jatan lande masu araha suna cikin gari. A Elmina, kasuwar kifi tana ƙarƙashin inuwar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, kuma da hantsi, lokacin da kwale-kwale ke shigowa, ana iya sayen kifi a kai wa mai suya ta soya a biya ta ladanta. A yamma, Dixcove tana da ɗan lungun ruwa da masunta ke fakewa, Busua da ke maƙwabtaka da ita kuma ta masu yawon buɗe ido ce, farashinta ma haka.

A tambayi kuɗin kifi kafin a ɗora shi a wuta, domin a bakin ruwa girmansa ake kallo a yanka farashi, kuma ciniki bayan an ci ba ya yiwuwa. A riƙe ƙananan takardun sidi a cikin leda mai ɗaurewa, tunda kuɗin waya yana aiki ne kawai inda sabis yake, mai tebur kuma ba ta cika samun canjin babbar takarda ba. Idan jirgin haya ne, a sa ido a kan inda matuƙi ya nufa bayan an sauka. In an ga ya fito daga mashaya yana warin giya, a nemi masauki a kwana a tudu, a tashi da safe.