Darasi na 7: Shirin Fita Karkara da Ƙafa

Ko gona za ku a bayan garin Kaduna, ko kallon ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ko hawan dutsen Kufena a Zariya, tun daga gida ake shiri.

Ku fara da tambaya, don matambayi ba ya ɓata. Dazukan Birnin Gwari da Chikun da Kajuru sun sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma hanyar da aka bi lafiya jiya ba lallai ta biyu yau ba. Ku tambayi direbobin tasha. In kun isa ƙauye, ku gaida mai unguwa, ku ji ta bakinsa. In ya ce kada a shiga, to a haƙura. Ku faɗa wa mutanen gida inda za ku, kada ku tafi ku kaɗai, kuma ku juyo kafin magariba.

A bazara, wato Maris da Afrilu, a fita da sassafe, da hula da gorar ruwa. Wanda zafi ya galabaitar, a kai shi inuwa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Da damina kuwa, musamman a Agusta, kada a raina rafi. Ana iya yin ruwa can nesa, rafin ya cika nan take alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba.

Sai batun maciji. Da yawanmu da silifa muke shiga ciyawa, wannan kuwa ganganci ne. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Ku sa takalmi mai rufi da dogon wando, ku riƙe sanda. In ta sari mutum, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotse. Na san haka muka taso muka ga ana yi, amma ƙara ɓarna yake. A cire masa zobe ko awarwaro kafin kumburi, a hana shi takawa, a ɗauke shi zuwa asibiti don allurar kashe dafi.

Waya ta kwana da caji. Lambar neman agaji ita ce 112, kyauta ce.

Aikin gida: Rubuta sunanka da lambar wayar wani ɗan uwanka a takarda, ka sa a aljihu. Gobe kowa zai karanta mana tasa.