Digirin kimiyyar siyasa daga ƙaramar kwaleji a Amurka: lissafin da ya kamata sabon zuwa ya yi

Kalmar kwaleji kanta tana rikita wanda ya iso Amurka kwanan nan, domin a gida mun saba jin ta a kan sakandare ko kwalejin horar da malamai. A nan kuwa akwai ƙananan makarantu masu zaman kansu, galibinsu ɗalibansu ba su wuce dubu biyu ko uku ba, waɗanda ke ba da digirin farko na shekara huɗu daidai da na kowace jami'a. Amherst da Williams a jihar Massachusetts, Grinnell a Iowa da Macalester a Minnesota duk irinsu ne, kuma kimiyyar siyasa tana cikin fannonin da ɗalibansu suka fi zaɓa. Tambayar da iyaye kan yi, musamman mai tuƙin tasi ko mai aikin dare da ke tara dala da guminsa, ita ce ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Masu tallata waɗannan makarantu ba su rasa sunayen da za su kawo ba. Madeleine Albright ta gama kimiyyar siyasa a kwalejin Wellesley a 1959, Hillary Clinton ta gama a nan a 1969, Barack Obama kuma ya yi shekara biyu a Occidental da ke Los Angeles kafin ya koma Columbia ya kammala a 1983. Abin lura shi ne babu ɗayansu da ya tsaya a digirin farko: Clinton ta karanta lauya a Yale, Obama a Harvard, Albright ta yi digirin digirgir a Columbia. Wanda ya karanta aikin jinya ko akanta yana fitowa da sana'a mai suna, ma'aikata na jiran sa. Mai kimiyyar siyasa kuwa yana fitowa da iya karatu, iya rubutu da iya kafa hujja, waɗanda ke da daraja ƙwarai amma sai an ɗora musu wani abu kafin su zama albashi mai kauri. Idan lauya ake nufi, sai a ƙara shekara uku da kuɗinsu a cikin lissafin tun yanzu.

Farashin da ake rubutawa a takardun makaranta yana tsorata mutum, domin a manyan cikinsu kuɗin karatu da ɗaki da abinci sun haura dala 80,000 a shekara. Sai dai iyali mai ƙaramin ƙarfi ba kasafai yake biyan wannan adadi ba. Makarantun da ke da dukiyar waƙafi mai yawa suna duba abin da iyali ke samu su yafe saura, har ta kai ɗan talaka ya biya ƙasa da abin da zai biya a jami'ar jiha. Amherst da Bowdoin ba sa duba aljihun ɗalibi wajen ba shi gurbi ko da daga ƙasar waje ya fito, kwalejin Berea da ke Kentucky kuma ba ta karɓar kuɗin karatu daga ɗalibanta, sai dai kowa ya yi aiki a harabarta. Doka ta wajabta wa duk makarantar da ke cikin tsarin tallafin gwamnatin tarayya ta sanya ma'aunin da ke ƙiyasta ainihin abin da iyali zai biya, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Amurka tana da shafin intanet mai suna College Scorecard, inda ake ganin matsakaicin albashi da bashin waɗanda suka gama wani fanni a wata makaranta. A ganina, duk wanda ya sa hannu a takardar karɓar gurbi bai duba waɗannan biyun ba ya sayi doki ne a cikin duhu. A karanta takardar tallafin da kyau, domin akan jera bashi kusa da kyauta, ido ya ɗauka duka ragi ne.

Babban abin da ke raba darajar wannan digiri tsakanin mutum da mutum shi ne takardun zama. Yaron da ke da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ko fasfon Amurka yana iya cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, ya sami tallafin Pell wanda kyauta ne ba a mayarwa, mafi yawansa dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, sannan ya ci bashin gwamnati wanda ga ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa ba ya wuce dala 31,000 a duk tsawon digirin. Idan ya yi aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba ya biya sau 120, akwai shirin da ke yafe masa saura. Amma bashin yana da kuɗin ruwa, lamarin da iyalai Musulmi da yawa ba sa ɗauka da wasa, kuma yana da wuyar gaske kotu ta sauke wa mutum shi ko da ya karye. A nan ma akwai bambanci tsakanin girin kad da zama ɗan ƙasa, domin kusan duk ayyukan gwamnatin tarayya, har da aikin jakadanci na Ma'aikatar Harkokin Waje, na 'yan ƙasa ne kaɗai. Ke nan ƙofar da ta fi dacewa da wannan fanni a rufe take har sai an yi rantsuwar zama ɗan ƙasa.

Ɗalibin da ya shigo da bizar karatu ta F-1 lissafinsa ya fi tsanani. Ba shi da rabo a tallafin gwamnatin tarayya, bankuna kuma galibi ba sa ba shi bashi sai wani mazaunin ƙasar ya tsaya masa, wanda shi za a kama idan biya ya gagara. Kada a roƙi ɗan'uwa wannan alfarma ba tare da an fayyace masa nauyinta ba. A lokacin karatu aikin da aka yarje masa galibi shi ne na cikin makaranta, awa 20 a mako. Bayan ya gama yana da izinin aiki na wucin gadi da ake kira OPT, na wata 12, dole aikin ya danganci abin da ya karanta, kuma ba a yarda ya zauna babu aiki fiye da kwana 90 ba. Masu kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi suna samun ƙarin wata 24, kimiyyar siyasa zalla kuwa ba ta cikin wannan jeri. Daga nan sai neman bizar aiki ta ƙwararru, H-1B, wadda ake ba da 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu daga Amurka, masu nema kuma sun ninka gurabun. Jami'o'i da wasu cibiyoyin bincike ba sa cikin wannan ƙayyadewa, kuma can ne ɗalibin siyasa ya fi samun sa'a. Dabarar da masu hangen nesa ke yi ita ce haɗa fanni biyu, siyasa da ƙididdiga ko lissafi ko kwamfuta, sannan su tabbatar a ofishin ɗaliban ƙasashen waje cewa lambar fannin da ke kan takardar I-20, wadda makaranta ke ba ɗalibin waje, tana cikin masu samun ƙarin lokacin.

Ba dukkan ƙananan kwalejoji ne ke da ƙoshin lafiya ba. Mount Ida a Massachusetts ta rufe a 2018, Cazenovia a jihar New York a 2023, Wells da Birmingham-Southern a 2024, duk saboda ƙarancin kuɗi. A tambayi yawan dukiyar makaranta, da hukumar da ta tantance ta, da kashi nawa na ɗalibanta ke kammalawa. Mai ba da ragi mai yawa alhali ɗalibanta na raguwa kowace shekara abar zargi ce.

Amfanin ƙaramar kwaleji na gaske yana cikin kusanci da malamai. Aji na mutum goma sha biyar yana sa farfesa ya san rubutun ɗalibi, ya rubuta masa takardar shaida mai nauyi, tsofaffin ɗalibai kuma suna amsa wasiƙar na baya. Amma yawancinsu a ƙauye suke, nesa da Washington da New York inda ayyukan suke, don haka a nemi kuɗin da makarantar ke warewa don aikin koyon sana'a a lokacin hutun bazara tun daga shekarar farko. Yaron da ke jin Hausa da Faransanci ko Larabci, ya kuma iya sarrafa alƙaluma, yana da abin da masu bincike kan yankin Sahel da ƙungiyoyin agaji ke nema, kada ya ɓoye shi a takardar neman aiki.

Ga iyalan da ke zaune a yankin Bronx na birnin New York, idan kwaleji mai tsada ba ta yafe mafi yawan kuɗin ba, shekara biyu a kwalejin gwamnati ta Hostos ko Bronx Community College sannan a ƙarasa a kwalejin Lehman, duk a cikin yankin, yaro yana kwana a gida, za ta kai shi ga digiri iri ɗaya da bashi kaɗan ko babu. Wanda kuma ke da niyyar komawa Najeriya ya adana takardunsa na asali da fasfon da ke nuna shiga da fitarsa, domin sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayyar Najeriya ta tantance digirin kafin hukumar yi wa ƙasa hidima ta NYSC ta karɓe shi, kuma albashin da zai biya bashin dala da shi a naira zai zo.