Mota na rawa a danja in an kunna AC: kurakuran da muke yi a Makka da Jidda

Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja a Makka da rana tsaka a watan Yuli, zafi ya haura digiri 40, ya san abin da nake nufi. AC na kunne, sitiyari na kakkarwa, allurar da ke nuna juyin inji tana hawa tana sauka kamar motar za ta mutu. Da ka kashe AC sai komai ya lafa. Nan take mutum ya yanke hukunci cewa kwamfireson AC ya lalace, ya nufi tashlih, inda ake sayar da kayan gyaran da aka ciro daga tsofaffin motoci, neman wani. Wannan kuskuren shi ya fi cin riyal.

Kwamfireso kaya ne da ake ɗora wa inji ta hanyar bel. Da ya kama, kwamfutar mota tana ƙara iska da mai domin silo, wato juyin inji lokacin da mota ke tsaye, ya tsaya daidai, wanda a yawancin ƙananan motoci yake tsakanin juyi 600 zuwa 800 a minti idan inji ya ɗumama. Lafiyayyen inji zai ɗauki kayan, allura ta motsa sau ɗaya ta koma wurinta. Wanda dama yake da rauni ne AC ke tona wa asiri.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka je warsha, wato garejin gyaran mota, ka zuba wa allurar ido. In tana tsaye cik amma jikin mota na rawa, galibi injin ba ya da laifi. Duba robobin da yake zaune a kansu, waɗanda a gida muke kira injin sit, a nan kuma ake cewa karasi, wato kujerun inji. Zafin ƙasar nan yana busar da roba, ta tsage ko ta zauna. Na ga wanda ya sauya fulogi sau biyu alhali kujerar inji ce ta mutu.

In kuwa allura ce ke wasa, fara da maƙogwaron iska, wato inda totur ke buɗewa. Ƙura da tururin baƙin mai suna daskarewa a bakinsa, ƴar kafar da iska ke bi lokacin silo ta ƙuntata. Wankewa abu ne mai sauƙi, amma a nan ake tafka ɓarna. A motocin da totur ɗinsu na lantarki ne, ba a danna marfin cikin da ƙarfi da yatsa. Bayan wankin kuma kwamfuta tana buƙatar ta sake koyon silo, domin ta saba da dattin. Wasu motocin suna koya da kansu bayan ɗan yawo, wasu sai an sa musu na'ura. Mutum ya ga silo ya hau sama bayan wanki, ya ce bakanike ya ɓata masa mota. Sannan sansar da ke auna iska kusa da matatar iska tana da nata ruwan wanki na musamman. Wanda ya fesa mata maganin wanke kafireta yana iya ƙona ta.

Sai batun gas, da ake kira firiyon a nan. Da an ce AC, wani zai ce, "Alhaji, a ƙara mata gas kawai." Gas ɗin da ya wuce kima yana ƙara matsi, kwamfireso ya yi nauyi, inji ya riƙa nishi. Gas ɗin da ya yi kaɗan kuma yana sa kwamfireso ya kama ya saki cikin ƴan daƙiƙoƙi, allura na bin sa. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irin gas ɗin, galibi R134a, da giram nawa motar ke ɗauka. Da ma'auni ake zubawa. Kuma ka leƙa ka ga ko fankar gaba tana juyawa idan AC na kunne, don in ba ta aiki, matsi yana hawa daidai lokacin da kake tsaye a cunkoso, sanyin ma ya ragu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a cire kan batir don a goge wutar gargaɗin inji kafin a sa na'ura ta karanto lambar da ke nuna matsalar. An goge shaida ke nan. Misali, lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta: a musanya kwayil ɗinta, wato abin da ke ba fulogi wuta, da na kusa da ita, in matsalar ta bi shi, shi kaɗai za a saya. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, sau da yawa daga wani tiyo da ya tsage.

A auna cajin batir ma. Inji na aiki, AC da fitilu a kunne, ya kamata a ga wajen bolt 13.5 zuwa 14.5.

Masu tsofaffin motoci kuma suna da dabarar murɗa sukurun silo har rawar ta ɓace. Rawar takan ɓuya, amma mota ta ƙara shan mai, giya ta riƙa bugawa in an sa D, dattin da ke maƙogwaro kuma yana nan inda yake.