Babi na 7: Sabon Maharbi Ya Dawo Hannu Rabbana

Farauta a ƙasar Hausa aikin rani ce. Idan an gama girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, ciyawa ta bushe, sai maharba su kakkaɓe kayansu. Wannan babi yana magana a kan wani saurayi da ya gaji bindigar toka daga kawunsa. Tun farkon hunturu yake shiga daji har ruwan farko ya sauka, amma ko gada ɗaya bai kawo gida ba. A karanta da ƙarfi, a tsaya a kowace aya, sannan a yi aikin da ke ƙarshe.

Iska

Da damina ta kama, saurayin ya je gaida sarkin baka, wato shugaban maharba, na garinsu. Bayan sun gaisa ya ce, "Baba, ni fa ina ganin gada. Amma kullum sai dai in ga ƙurarta."

Tsohon ya ce, "Ta ina kake shiga dajin, yaro?"

"Ta gabas, Baba. Nan ne kusa da gida."

"To ai kai kake aika mata saƙo cewa ga ka nan tafe."

Ga abin da yake nufi. Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas. Wanda ya shiga daji ta gabas, iska tana bayansa. Ita za ta ɗauki warin jikinsa ta kai wa dabba tun bai gan ta ba. Hancin gada da na barewa sun fi na mutum nesa ba kusa ba. Don haka maharbi yakan zagaya, ko da tafiyar ta yi tsawo, ya shiga ta inda iska za ta riƙa dukan fuskarsa.

Yaya za ka san inda iska ta nufa idan ba ta da ƙarfi? Ƙulla toka mai laushi a ɗan tsumma, ka sa a aljihu. In ka tsaya, ka girgiza ƙullin sau ɗaya, ka duba inda tokar ta bi. In ta yi gabanka, canza hanya. In ta dawo kan rigarka, ci gaba. Ka riƙa gwadawa a kai a kai, musamman a kwari da bakin ƙorama, domin a irin wuraren nan iska takan juya. Kuma duk wannan wahalar banza ce ga wanda ya fito yana ƙamshin turare, ko yana warin sigari, ko fetur ɗin babur a hannunsa.

Sawu

Saurayin ya sha bin sawun da ya kwana biyu yana murna. Sabon sawu gefensa a tsaye yake, tsagar kofato ta fito sarai. Tsohon sawu kuwa iska ta zuba masa ƙura, gefensa ya zube, wani lokaci har tururuwa ta ratsa ta cikinsa. A duba kashin dabbar ma. Sabo baƙi ne, yana sheƙi, in ka matsa da tsinke ya lotsa. Wanda ya daɗe ya yi fari-fari, yana marmashewa. A dajin da makiyaya ke kiwo, sawun 'yar akuya yakan ruɗi sabon shiga. Awaki a garke suke tafiya, suna tattake wuri. Gada kuwa yawanci ita kaɗai take yawo, ko su biyu.

Sai sauri. Ganyen rani yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, saurayin kuma yana tafiya kamar mai zuwa kasuwa. Maharban da suka ƙware sun fi tsayuwa a kan tafiya. Wasu sukan ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su riƙa rarrafe suna gyaɗa kai yadda tsuntsun yake yi in yana kiwo. Dabba ta saba ganin burtu, ba ta gudunsa. Da yawa daga irin kan nan da itace ake sassaƙa shi a rufe da fata, kuma hakan ya fi, don shi kansa burtun ya yi wuyar gani.

Bindiga

Wata safiya saurayin ya samu ya matso kusa da gada. Ya ja kunama, bindiga ta ce ƙyas, ba ta tashi ba. Albarushin ya sha sanyi, domin a gindin randa yake ajiye shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ajiye albarushi a busasshen wuri, nesa da wuta, inda yara ba sa kaiwa. A goge bakin bindiga bayan kowane harbi. Kada a cika ta fiye da kima don neman ƙarfi: bututun yakan fashe ya tafi da yatsu. Bindigar toka ba ta cin nisa. Harbi daga nesa raunata dabba kawai yake yi, ta je ta mutu a inda ba mai amfana.

Wata rana da magariba ya ga duhuwa tana motsi. Ya ɗaga bindiga, sai ya dakata don bai ga kai ba, bai ga ƙafa ba. Can sai ga yaron makiyaya ya fito yana jan ɗan maraƙi. A ganina, a duk ranin nan babu abin da ya yi daidai kamar wannan dakatawar. Daji ba na maharbi kaɗai ba ne. Akwai mata masu itace, akwai masu ɗiban zuma, akwai 'yan'uwansa maharba. Abin da ba ka gan shi gaba ɗaya ba, kada ka harbe shi.

Ba duka laifinsa ba ne

Gaskiya namun daji sun ragu. Gonaki sun cinye daji, masu gawayi sun sare itatuwa, ga ƙona daji da ake yi don a kori zomo da gafiya. Barewa tana ɗaukar ciki kusan wata 6, kuma yawanci ɗa ɗaya take haifa. Masana sun sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda haka a bar ta. Mai ciki da mai shayarwa, kowace iri ce, a ƙyale su.

Akwai kuma doka. Tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji, gwamnatin tarayya ta ƙara wata a 1985. Akwai dazuzzukan da aka hana farauta a cikinsu, kamar Yankari a Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, da Falgore a Kano, da Kamuku a Birnin Gwari, da Gadabeji a jihar Maraɗi ta Nijar. Bindigar toka ma tana bukatar lasisi daga 'yan sanda. Kafin ka fita, tambayi malamin daji wace dabba aka yarda a harba. Ka kuma gaya wa mutanen gida inda ka nufa, don wasu dazuzzukan yanzu ba su shiguwa saboda 'yan bindiga.

Aiki

Sarkin baka a ka yake riƙe da saninsa, don ya tsufa a daji. Sabon shiga zai iya rage wa kansa hanya da littafi da fensir. Kwafi wannan misali a littafinka:

Talata, 14 ga Janairu. Bakin ƙorama, da asuba. Iska daga gabas. Sabon sawun gada. Ban harba ba.

Yanzu rubuta naka guda biyu, da sunan wurin da ka sani. Sannan ka amsa a rubuce: garinku yana yamma da daji, iska tana busowa daga yamma. Ta wane ɓangare za ka shiga, kuma me ya sa? A darasi na gaba kowa ya zo da ƙullin tokarsa, za mu gwada iska a filin makaranta.