Yadda Manomin Alkama Zai Karɓi Tallafin Taki da Iri na Gwamnati

A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da noman alkama na rani a Jihar Jigawa ƙarƙashin NAGS-AP, shirin tallafa wa manoma da kayan noma, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi. Tsarin a wancan lokacin shi ne gwamnati ta biya rabin kuɗin iri da taki, manomi ya biya rabi.

Fara da rajista a ofishin malaman gona na jiharka, kamar JARDA a Jigawa ko KNARDA a Kano, tun kafin damina ta ɗauke. Ka je da lambar NIN da BVN, ka kuma nuna gonar a auna ta. Shiga ƙungiyar manoma mai rajista yana sauƙaƙa tantancewa.

Lambar waya ce ke kayar da mutane da yawa. Ta saƙon tes ake sanar da manomi cibiyar da zai karɓi kaya, saboda haka wanda ya ba da layin ɗansa ko layin da aka rufe, rabonsa ya wuce shi. Ka tabbatar sunan da ke kan layin ya dace da na NIN.

A cibiyar, duba buhu kafin ka sa hannu. Takin da ya dunƙule ya sha danshi. Hekta ɗaya tana cin kusan kilo 100 na iri.

In kaya sun makara, kada ka zauna jira. Alkama tana son sanyin hunturu, ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wadda aka shuka a Janairu zafin Maris zai riske ta tana cika ido, ƙwayar ta tsamure, kuɗin fetur na ban ruwa ma ba zai fita ba.